Kukan A-kori-kura: Shin Giyabos Ne, Ko Ƙarya Ake Masa?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

Masu sauraronmu na Dambatta da Makoda da Kunchi, da na Bichi da Tsanyawa da Bagwai, da waɗanda ke kama mu daga Minjibir har bakin iyakar Kazaure, barkanmu da war haka. Direbobin da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. A ɗan sassauta totur, don yau da ku nake. Maganar giya za mu yi. Malamai kada a kashe rediyo, giyar mota nake nufi.

Bari in fara da Baffana, ƙanen mahaifina. Bara da kaka, bayan an gama sussukar gero, ya haɗa kuɗin riɗi da na wake ya sayi a-kori-kura ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Amurka, mai canja giya da kanta, wato atomatik. Niyyarsa ya riƙa kai hatsi Dawanau, in zai dawo ya ɗauko taki daga birni ya zuba a gona. Ba a yi wata guda ba motar ta fara wani hali. Duk sanda ya ja sandar giya daga P zuwa D, ko ya sa ribas, sai ka ji gau! daga ƙarƙashi, kamar an sauke taɓarya a turmin da ba kowa a ciki. Ya kai ta wani gareji. Mai garejin ko durƙusawa bai yi ba. Ya sa D, ya ji gau, ya kashe mota ya ce, "Alhaji, giyabos ya tafi. Sai dai a sauke a ɗora wani."

Da yamma na iske Baffa a tsaye a bakin turke yana kallon shanun huɗarsa guda biyu, yana lissafin wanda zai rabu da shi. Na ce, "Baffa, a ba ni gobe kawai." Washegari muka je wajen wani dattijon bakanike da ya fara aiki tun zamanin Fijo. Ya sa aka ja birkin hannu, aka sa waigi gaba da baya, aka sa motar a firi aka kashe inji. Ya shimfiɗa tsohon buhun taki ya kwanta, ya kama furofela da hannu biyu ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Muna tsaye muna jin ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal. Ya shafa yatsa a gaɓar baya ya fito da shi ya nuna mana: wani jan gari kamar na burji. Ya ce, "Alhaji, je ka ba sanka dusa, ba inda za shi. Kuros ɗin furofela ne ya cinye." Kafin la'asar an canja, kuɗin bai kai na buhun gero ɗaya ba.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, a cikin duk kayan da ke ƙarƙashin mota ba wanda ake yi wa ƙazafi kamar giyabos na atomatik. Da an ji ƙara lokacin canjin giya sai a ce shi ne, domin shi ne abin da ba a sani ba, kuma shi ne mai tsada. Wani lokaci shi ɗin ne. Amma ƙara tana da adireshi, kuma mai mota da kansa zai iya bin sawunta kafin a ɗauko sifana.

Rashin sanin nan ba laifin kowa ba ne. Mu da manuwal muka tashi. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 404 da 504 su ne jakunan ƙarfen wannan yanki, kuma duk yaron da ya yi shekara uku a gareji zai iya wargaza giyarsu ya mayar ido rufe. Atomatik kuwa tsohon abu ne a Amurka, kamfanin General Motors ya fito da shi tun 1939 a motar Oldsmobile, har ya zama yawancin motocin ƙasar haka suke. Da motocin hannu suka fara kwararo mana ta Kwatano, daga baya kuma ta tashar jirgin ruwan Legas bayan gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a farkon 2017, sai ga Toyota Tacoma da Tundra da Nissan Frontier a kasuwannin ƙauye, da Hilux ɗin da ma'aikatu da kamfanoni suka gaji da su suka yi gwanjo. Motar ta iso, ilminta bai biyo ta ba. Kuma ka lura da malejin 'yar Amurka: da mil take ƙirga, ba kilomita ba. In ka ga 200,000, to ta ci sama da kilomita 320,000.

To mene ne a cikin akwatin nan? A manuwal ƙafarka ce ke taka kuloci, hannunka ke zaɓar lamba. A atomatik mai ne yake yin aikin nan duka biyu. Tsakanin inji da giyabos akwai wani abu da bakanikai ke kira konbata. Ɗauke shi kamar ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, cike da mai, kowacce da fukafukai a ciki. Inji yana juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai ya tura ɗayar. Shi ya sa za ka tsaya a D ƙafarka kan birki inji bai mutu ba. Bayan konbata akwai famfo mai tura man da ƙarfi. A ƙasa kuma akwai wani faranti mai ɗaruruwan hanyoyi, bawul-bodi. Duk wanda ya taɓa noman rani a Watari ko Tomas ya san yadda ake buɗe wannan ƙofar ruwa a toshe waccan don ruwa ya bi layin da ake so. Haka bawul-bodi yake yi da mai. Inda man ya je, sai ya matse wasu siraran faya-fayai da ake kira faiba, su kuma su kama wani sashe na haƙoran giya, lamba ta shiga. Man nan shi ne ƙafar da ke taka kuloci, shi ne hannun da ke canja lamba, shi ke sanyaya akwatin, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Saboda haka duk binciken da bai fara da duba mai ba, shaci-faɗi ne.

Ga yadda ake dubawa, domin da yawa da na tarar suna yi kamar yadda ake duba baƙin mai, kuma ba haka ba ne. Ka yi tafiya da motar kamar daga Dambatta zuwa Kazaure ta ɗauki zafi. Ka tsaya a fili mai shimfiɗe, ba kan gangare ba. Kada ka kashe inji. Ƙafa kan birki, ka bi da sandar kowane harafi kana ɗan dakatawa, ka dawo P. Sannan ka zare geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarewa ka duba ko man yana tsakanin alamun zafi. Sai ka ɗiga shi a farar takarda, ko bayan takardar rasit ma ta isa.

Lafiyayyen mai ja ne garau, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. In ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa, a canja. In ya yi baƙi, ka kai hanci ka ji ƙauri kamar tuwon da ya kama a tukunya, to faiba ta ƙone, kuma sabon mai ba zai dawo da abin da ya ƙone ba. In kuwa ka ga ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an dama nono da zoɓo, ruwa ya shiga. Kashe motar a wurin. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta. Ta hanya biyu yake shiga: ko ka ratsa kwari da damina ruwa ya kai ga hancin da akwatin ke shaƙar iska, ko kuma bututun man giya da ya bi ta cikin lagireto ya fashe. Wannan na biyun ya yi suna a Nissan Frontier da Pathfinder da Xterra ƙirar 2005 zuwa 2010, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton a Amurka. Mai irin wannan mota ya sa ido. Mu kuma da muke ɗura wa lagireto ruwan rijiya tsura shekara da shekaru, tsatsa na cin bututun nan ko wace iri ce motar.

Wasu sababbin ba su da geji sam. Ta wani noti a ƙasa ake auna su, kuma sai man yana daidai wani zafi da littafin motar ya faɗa. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne, a kai wa wanda ya sani.

[Gajeren kiɗa]

Madalla. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan ƙarar da a-kori-kura mai atomatik take yi, da yadda za a gane inda take fitowa.

Dattijon da na ba ku labari, kafin ya kwanta ƙarƙashin motar Baffa, tambaya ya yi ta yi. Yaushe take yi? Da safe ko bayan ta ɗau zafi? Da kaya ko wayam? A tsaye ko a tafe? Baffa har ya fara ƙosawa. Amma tambayar da ta fi kowacce ita ce: ƙarar nan wa take bi? Domin abu uku ne kawai za ta bi. Ko ta bi juyin inji, ko ta bi gudun taya, ko ta zo daidai lokacin da lamba ke shiga. In ka amsa wannan, ka yi rabin aikin bakanike.

Mu ɗauki irin ta Baffa, gau ɗin nan na shiga D ko ribas. Kafin a zargi akwati, akwai mutum huɗu a gabansa a layi. Kuros, kun ji yadda ake gane shi: wasa a hannu da jan gari a bakin kofunansa. In ya fara lalacewa har wani tsiii-tsiii yake yi idan ana tafiya a hankali, kamar kukan ɓera. Sai robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, injin-sit da giya-sit. A buɗe bonet, direba ya danne birki sosai ya sa D ya ɗan taɓa totur, ya sa ribas ya sake. Mai kallo ya tsaya a gefe. A gefe na ce, ba a gaban mota ba. In inji ya yi tsalle kamar ɗan akuya, roba ta yage. Sai silo: in inji yana gudu sama da ƙa'ida a tsaye, dole giya ta shiga da duka. Sai kuma wasan haƙoran aksul na baya, wanda lodi ke jawowa. Duk waɗannan a waje suke, ba a buɗe akwati.

Akwai wani dum da masu Toyota suka sani, wanda ke zuwa bayan ka tsaya cak, ko daidai ka ɗaga ƙafa daga birki, kamar wani ya ɗan tunkuye ka ta baya. Na ga wanda ya fito ya zagaya yana neman mai babur ɗin da ya buge shi. Furofela tana da wata gaɓa mai shiga da fita kamar kube da wuƙa. In ta bushe sai ta maƙale ta saki da ƙarfi. Maganinta giris. A ƙurar hanyoyinmu, a riƙa bin kan nonon giris ɗin furofela duk sanda aka yi juyen baƙin mai.

Wani kuma laifin direba ne tsantsa. Ka tsaya kan gangare da buhu goma sha biyar, ka sa P, ka saki birki motar ta ɗan gangara ta tsaya. Duk nauyin nan ya rataya a kan wani ɗan ƙugiya a cikin akwati da bai fi yatsa ba. In ka zo fita sai sanda ta ƙi, ka fizga, ka ji ƙwas! Ja birkin hannu tukuna, motar ta zauna a kansa, sannan ka sa P.

Yanzu sai kukan da ke bin inji, wani fiii siriri, ka taka totur ya tashi, ka saki ya sauka, ko da motar na tsaye a P. Kada ka yi saurin yanke hukunci. Murɗa sitiyari tukuna: in kukan ya canja, famfon sitiyari ne, ba ruwan giya. In bai canja ba, kuma daga ƙarƙashin ƙafar direba yake fitowa, to famfon giya ne yake kuka, kuma sau da yawa yunwa ce ke sa shi. Ko mai ya yi ƙasa, ko filta ta toshe yana zuƙar iska. Alamar toshewar filta ita ce kukan ya fi tsanani a ribas, domin a ribas ne ake buƙatar ƙarfin mai fiye da ko'ina. Kuma cika mai ya wuce alama shi ma cuta ne, yana kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Ga wata dabara mai kyau. Kana tsaye, ƙafa kan birki. A D akwai kuka, ka mayar firi ya ɗauke. Ka sake sa D ya dawo. Wannan yana nuna konbata. Dalili: a firi ƙwaryoyin nan biyu tare suke juyawa, boris ɗin da ke tsakaninsu yana hutawa. A D kana tsaye, ɗaya na gudu ɗaya a daure, boris na aiki, in ya lalace sai ya yi magana.

Haka haƙoran ciki. In motar na gurnani a lamba ɗaya da biyu, da ta shiga uku sai tsit, to a nan kam ciki ne. A akwati mai lamba huɗu, kamar A340 da ke cikin tsofaffin Toyota da yawa, lamba uku ita ce inda haƙoran ke kulle su juya gaba ɗaya, ba mai taunar wani. A mai lamba biyar irin A750, lamba huɗu ce. Ƙarar da ta ɓace a wannan lamba ta tona kanta.

Wadda ke bin gudun taya fa? Guuu ɗin nan da ke ƙaruwa da gudu, giya ta canja bai kula ba. Wannan galibi ba na akwati ba ne. A hanyar da ba kowa, ka ɗan karkata sitiyari dama da hagu: in ya ƙaru a gefe ɗaya ya ragu a ɗaya, boris ɗin taya ne. In yana zuwa da ka taka totur ya tafi da ka saki, duba aksul. Wani lokaci tayoyin ne kawai, musamman masu manyan haƙora. Masu mota mai jan ƙafa huɗu kuma, a duba ƙaramar sandar nan ta H2 da H4. In ka fito daga yashi ka hau kwalta ka manta ta a H4, motar za ta riƙa ɗaurewa a kwana tana ƙas-ƙas. Mayar da ita H2.

Akwai wata karkarwa da ke ruɗa mutane ƙwarai. Kana kan kwalta sumul tsakanin Bichi da Tsanyawa, gudu kamar 60 zuwa 80, totur kaɗan, sai ka ji motar na rawa kamar ta hau gargada, daƙiƙa biyu uku ta daina. A cikin konbata akwai wani kuloci da ke kamawa idan tafiya ta miƙa, don a rage shan mai. In man giya ya gaji, ko ba irinsa aka zuba ba, sai ya riƙa kamawa yana saki. Gwaji: tana cikin rawar, kada ka ɗaga ƙafar dama, ka ɗan shafi birki da ƙafar hagu, iya yadda fitilar birki za ta kama. Ƙwaƙwalwar mota za ta saki kulocin nan take. In rawar ta ɗauke, ka gano wurin. Amma a duba fulogi ma, don fulogin da ke fashi yana kwaikwayon wannan rawa har ya yaudari gwani. In an kama shi da wuri, sau da yawa juyen mai na gaskiya ya wadatar.

Wadda nake tsoro ita ce wannan. Motar za ta tashi daga biyu zuwa uku, sai inji ya yi ihu wuuu kamar an sa firi, sannan lamba ta shiga da dim. Ko da safe ka sa D ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar kafin ta kama. Faiba na sulɓi ke nan. In mai ne ya yi ƙasa, ka yi sa'a, nemi inda yake zuba. A tsofaffin motoci akwai wata waya daga totur zuwa giyabos, in ta saki ko an ɗaure ta ba daidai ba, ita ma tana kawo sulɓi ko duka, kuma gyaranta na minti goma ne. In ba waɗannan ba ne, a kwance farantin ƙasa a gani. Akwai maganaɗisu a cikinsa. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsa ba komai, duk mota na yi. Amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za ka iya tsinta da farce, ko baƙin ɓawo kamar dusar da ta ƙone, to wannan karon mai garejin farko ya yi gaskiya. Ka ce a nuna maka farantin da idonka. Haƙƙinka ne.

Kada in manta da ɓera. Motar da ke ɗaukar hatsi, ta kwana kusa da rumbu, gidan ɓera ce. Ya ci waya ɗaya, ƙwaƙwalwa ta daina jin abin da ke faruwa, sai ta kulle motar a lamba guda tak, yawanci ta uku, ta riƙa shiga D da duka, tashi da ƙyar kamar jakin da aka yi wa mangala biyu. Mai ita ya ce giya ta mutu, alhali kare kanta take yi. Batir mai rauni ma na jawo irin wannan. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Cikin lambobin matsala da take nunawa, waɗanda suka fara da P07 na giya ne. Masu wannan na'ura suna nan da yawa a Kano, wasu ma da wayar salula suke yi. Sai dai lambar nan unguwa take nunawa, ba gida ba. In ta ce bawul kaza, a bi wayarsa tukuna kafin a saye sabo.

[Gajeren kiɗa]

To me ke kashe waɗannan akwatuna a wajenmu, alhali a can sun yi shekara goma sha biyar lafiya? Zafi. Man giya yana son ya zauna wajen digiri 80. In ya haura 120 ya fara ƙonewa, robobin ciki su ƙandare. Mu kuwa a watan Afrilu iskar kanta ta kai 40. A kan wannan sai mu ɗora lodi. Hilux an yi ta ne don kamar tan ɗaya, buhu goma ke nan na kilo ɗari, kuma ƙananan na Amurka da yawa ba su kai haka ba. Ni da ku mun san abin da ke fita daga kasuwar Dambatta: buhu ashirin, fasinja a sama, akuya a gefe. Ba zan ce ku daina ba, don na san tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 ba mai iya yin sawu biyu inda ɗaya zai yi. Amma Fijo in ka zalunce ta kuloci za ta ci, ka canja a wuni ɗaya. Atomatik shiru za ta yi tana dahuwa a ciki.

Akwai abin da za ka rage mata. Da kaya, a burji ko yashi, sauke sanda zuwa 2 ko L, ka kashe maɓallin O/D in tana da shi, don kada ta yi ta hawa da sauka tsakanin lambobi. In ta kafe a rairayi, kada ka yi ta wurga ta D, ribas, D, ribas taya na juyawa. Minti biyar na wannan ya fi wata guda na tafiya ɓarna. Sauke kaya, tona, sa kara. Da kaka kuma a riƙa wanke fuskar lagireto, domin ƙaiƙayi da ƙura suna toshe ta kamar an liƙa tabarma, kuma ta nan man giya ke shan iska. In ta mutu a hanya, ba a tura atomatik ta tashi, kada ku wahalar da 'yan gari. In za a ja ta da nisa, a kwance furofela, domin inji a kashe famfo ba ya aiki, haƙora za su yi ta juyawa a bushe.

Man da za a zuba kuma, a karanta jikin geji ko littafin mota. Wata Dexron take sha, wasu Toyota T-IV, na baya-bayan nan WS, Nissan kuma nata daban. Ja duk ja ne a ido, amma santsinsu ba ɗaya ba. Man giya mai kauri na aksul, lamba 90, ko kusa kada ya je. A sayi galan a rufe a wurin da aka amince da shi, ba na kwalba a bakin titi ba. Kuma ka sani, in an kwance noti an tsiyaye, abin da ke fita bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, saura na cikin konbata. Shi ya sa masu lura suke juyewa, su yi tafiyar sati biyu, su sake juyewa.

In ta tabbata sai an ɗora wani akwatin, yawancinmu Ƙofar Ruwa za mu nufa. Tafi da lambar da ke jikin naka, don akwati biyu za su yi kama kamar tagwaye amma soket ɗinsu ko haƙoransu daban, kuma na mai jan ƙafa huɗu ba ya hawa mai jan biyu. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, da shaida. A wanke bututun da suka je lagireto, in ba haka ba dattin tsohon zai kashe sabon. Kuma a tabbata konbata ta zauna daram cikin famfo kafin a ɗaure, don in aka ja ta da ƙarfin noti famfo ya fashe tun mota ba ta bar gareji ba.

Wanda kuma yake shirin saye yanzu: je da sassafe, ka taɓa bonet ka ji sanyi. In dillali ya riga ya ɗumama ta, ka ce gobe ka dawo. A kashe rediyon motar, ko da shirinmu ake yi. Zare geji ka shinshina. Man da ya yi sabo fil a tsohuwar mota ba lallai alheri ba ne, tambayi dalili. Ka tuƙa ta har ta ɗau zafi sosai, don wata cutar sai da zafi take fitowa, sannan ka tsaya ka sa ribas ka saurara.

Shi Baffa, ranar da aka canja kuros, dattijon bai sallame mu ba sai da ya zare geji ya ɗiga a bayan kwalin ashana. Ruwan ƙasa ne, amma ba ƙauri. Ya ce, "Alhaji, wannan a juye shi sau biyu kafin bazara, a sa sabuwar filta." Baffa ya juye sau ɗaya, ya ce na biyun sai ya sayar da gyaɗa. Da hunturun nan na ji tana ɗan fiii a ribas da asuba. Na san yana jin shirin nan a gindin ɗorawar ƙofar gida. Baffa, an sayar da gyaɗar.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu duba injin ban ruwa da ke ƙin jan ruwa da rana tsaka.

[Kiɗan rufe shiri]